Ƙuri'a biyu gare mu, mun rungumi ɗaya mun yar da ɗaya

Jama'ar Buronkis da Halem da Burukilin, 'yan uwana na zango da na gida, mutanen Kumasi da Nima da Tamale, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram, mutanen Kano da Jos da Zariya. Ku ba ni aron hankalinku, a kan 'ya'yanmu zan yi magana.

Duk shekara idan Afrilu ya kama, akwai wani zazzaɓi da ke shiga gidajenmu a birnin Niyok. Za ka ga uwa tana kitso a shago, hannu na kan kan mutum, ido na kan waya. Za ka ga magidanci ya faka motar haya a gefen titi yana buɗe saƙo, gabansa na faɗuwa. Ranar 1 ga Afrilu ake rufe karɓar takardun neman shiga makarantun cata, bayan nan sai a jefa ƙuri'a. Wanda sunan ɗansa ya fito, gidan ya kaure da guɗa har a kira gida a sanar da kaka. Wanda aka ce masa yana layin jira, lamba ɗari uku da wani abu, sai ya kwana da baƙin ciki kamar an rufe wa yaron ƙofar duniya. Na ga mata sun ba da sadaka saboda wannan ƙuri'a. Na ji an roƙi liman ya sa ta a addu'a bayan Juma'a. Ban ga laifin kowa ba, domin ni ma na taɓa kwana ina jiran wannan saƙo.

Amma harshenmu ya yi mana wata gata da Turanci bai yi wa masu shi ba. A Hausa, kalma ɗaya ce ke ɗauke da abu biyu: ƙuri'ar da ake jefawa a ga wanda rabonsa ya tsaga, da ƙuri'ar da mutum ke kaɗawa da hannunsa ya zaɓi wanda zai yi magana da yawunsa. Ta farko ba ka da iko a kanta ko na ƙwayar zarra. Ta biyu kuwa taka ce, babu mai ƙwace maka ita sai in kai ka yar. Mu kuma abin da muka yi ke nan. Mun zuba zuciyarmu kaf a kan wadda ba mu da ta cewa a cikinta, muka bar wadda ke hannunmu tana shan ƙura.

Bari in fayyace wa wanda bai daɗe da sauka ba. Makarantar cata da kuɗin gwamnati take tafiya, kyauta ce, ba a rubuta jarrabawar shiga. Abin da ya raba ta da makarantar gwamnati ta unguwa shi ne ba ma'aikatar ilimi ta birni ke juya ta ba. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta ke karɓar takardar yarjejeniya daga hukuma, ta shekaru biyar ko ƙasa da haka, a sakar mata mara ta tsara lokacinta da malamanta da dokokinta, da sharaɗin in yara ba su koyi abin kirki ba za a iya rufe ta. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar a 1991, jihar Niyok ta bi sahu a 1998, ta farko a wannan birni kuma aka buɗe ta a Halem a 1999. Yau sun haura 270 a birnin, ɗalibansu sun wuce 140,000, kusan yaro ɗaya ke nan cikin kowane bakwai. Sauran, wajen 900,000, suna makarantun gwamnati, kuma babu wata hukumar makarantu a duk faɗin Amurka da ta kai wannan girma.

Masu ilimin da ke zaune a unguwannin masu hali kan yi mamakin yadda talakawa baƙaƙen fata da baƙi irinmu ke rububin cata. Ni ba na mamaki, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wata 'yar uwa daga Kumasi ta taɓa ce mini a bakin masallaci, "Yaya, ɗiyata ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba, kullum in na je sai a ce mini tana ƙoƙari. Ƙoƙarin me?" Ta mayar da ita cata, cikin shekara guda yarinya ta fara karanta mata wasiƙun da ke zuwa gidan. Wa zai iya tsayawa gaban wannan uwa ya ce ta yi kuskure? Abin da iyayenmu ke faɗa ke nan in ka zauna da su: a can akwai yunifom, akwai tsari, yara na tafiya a layi, malami na buga maka waya tun kafin abu ya lalace, ana tashi a makare har uwa ta samu ta ƙarasa aikinta, kuma tun daga ajin farko ake ambata wa yaro jami'a. Mutumin da ya taso a inda ake gaida malami a durƙushe, in ya ga makarantar da yara ke shiru idan babba na magana, dole zuciyarsa ta kwanta.

Kuma ba zato ba ne kawai. Cibiyar CREDO ta jami'ar Stanford ta bi sawun yaran cata a birane 41, ta fitar da sakamako a 2015: a jimlace suna samun ƙarin abin da ya kai karatun kwana 40 a lissafi da kwana 28 a karatu kowace shekara, in aka gwada su da takwarorinsu na makarantun gwamnati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka. Sai dai ita wannan cibiya ɗin ce a 2009 ta duba makarantun cata a sassa da dama na ƙasar ta tarar kashi 17 cikin 100 ne kawai suka fi na gwamnati a lissafi, kashi 37 kuwa sun gaza su. Abin da na fahimta daga lambobin nan biyu shi ne sunan cata ba laya ba ne. Akwai mai kyau ƙwarai, akwai wadda allon ƙofarta ne kawai ke ƙyalli.

Akwai kuma abin da ba a bugawa a takardun tallan da ake turo mana ta ƙarƙashin ƙofa. A watan Oktoba na 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa a wani reshe na Success Academy da ke Fort Greene a Burukilin an rubuta sunayen yara 16 da ake son su bar makarantar. Shugabar rukunin, Eva Moskowitz, ta fito ta ce kuskure ne kuma an tsawata wa wanda ya yi. To, amma iyaye da yawa da suka ji labarin ba su girgiza ba, don sun san salon. Ba a cewa an kori ɗanka. Waya za a dinga buga maka da ƙarfe goma na safe, ka zo ka ɗauke shi, yau ya ƙi zama, gobe ya yi magana a layi, jibi an dakatar da shi kwana biyu. Ke da kike aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wadda in kin bar aiki awa ɗaya an yanke miki kuɗinta, sau nawa za ki iya amsa wannan kira? A ƙarshe sai a ce miki, cikin murmushi, wataƙila wata makarantar za ta fi dacewa da shi. Ki sa hannu da kanki ki cire shi, a rubuce kuma ke ce kika tafi. Yaron nan ina zai nufa a tsakiyar shekara? Makarantar unguwa, wadda ba ta da ikon cewa ta cika. Wasu makarantun cata kuma ba sa cike gurbin wanda ya fita a manyan azuzuwa, sai aji ya yi ta raguwa ana tankaɗe shi kamar gari, makin jarrabawa kuma ya yi ta hawa. Idan an nuna muku maki mai daɗin gani, ku tambaya: yara nawa suka fara, nawa suka ƙare?

Ita ma makarantar gwamnati ba zan rufa mata asiri ba, ba kuma zan bari a yi mata ƙazafi ba. Ita ce ke karɓar yaron da ya sauka daga jirgi jiya ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ita ce ke karɓar kurma da gurgu da wanda ke kwana a gidan marasa galihu, kuma shekara da shekaru ke nan yaran wannan birni da ba su da matsuguni na dindindin suna haura 100,000 duk shekara. Akwai malamai a cikinta da suka shekara ashirin a unguwa ɗaya, sun koyar da wa sun koyar da ƙane, alhali a cata da yawa malaman matasa ne da ba sa daɗewa. Amma akwai kuma ajin da ya cika ya batse, da ofishin da ke amsa maka kamar ka zo bara, da yaron da ake turawa gaba shekara bayan shekara ba tare da ya iya karatu ba. Sai a 2023 ma hukumar birnin ta tilasta wa makarantun firamare komawa koyar da karatu ta hanyar haɗa sautin baƙaƙe, bayan an daɗe ana barin yara suna kallon hoto suna cankar kalma. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san da babbaƙu da farfaru ake farawa.

Sau da yawa ma su biyun a gini ɗaya suke, cata a hawa na uku, ta gwamnati a ƙasa, suna rabon ɗakin cin abinci da filin wasa. 'Ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya sukan shiga ƙofa ɗaya da safe su rabu a matakala, wannan zuwa aji mai sabon fenti, wancan zuwa wanda tagarsa ba ta rufuwa. Manya kuma na can suna fafatawa, ƙungiyar malamai a gefe guda, attajiran da ke zuba kuɗi a cata a ɗaya gefen, kowa na ɗauko hoton ɗan baƙar fata yana ɗagawa sama ya ce don shi yake yi. Sukan cika motoci da iyaye, a raba musu riguna, a kai su Albani su yi ihu a gaban majalisar jiha. An gama, a mayar da su gida. Wa ya tambaye su abin da suke so a cikin ajin?

Yanzu bari in faɗi nawa, domin ban zo nan in nuna wa kowa yatsa ba. Ɗana na fari yana aji huɗu a wata makarantar unguwa lokacin da nake tuƙin dare. Ina dawowa da asuba, shi yana shirin fita. A watan Fabrairu makaranta ta ba shi wasiƙa cewa akwai shakka a kan wucewarsa aji na gaba. Wasiƙar ta zauna a ƙasan jakarsa har watan Mayu, ta yi laushi, ta sha man gyaɗa. Mahaifiyarsa ta je taron iyaye da malamai a watan Maris, amma shi yaron ne ya yi mata tafinta, kuma abin da ya faɗa mata shi ne malama ta ce komai lafiya. Ranar da na gano gaskiya na zauna a mota na kasa tayar da ita. Ba yaron na zarga ba, ɗan shekara tara ne mai jin tsoro. Na tuna cewa shekara huɗu ina sauke shi a ƙofar makarantar nan ban taɓa taka ciki ba sai ranar da na yi masa rajista. Na san farashin mai a kowane gidan mai daga titin Grand Concourse har filin jirgi, ban san sunan malamar da ke riƙe da ɗana awa shida kullum ba.

Wannan ɗabi'a daga gida muka zo da ita, kuma a can mutunci ce. Uba ya kai ɗansa wurin malam ya ce ga amana, ya juya. Ba ya komawa ya tuhumi malam, don yin haka rashin kunya ne. Kara muke yi, girmamawa muke yi. Amma a ƙasar nan ba haka ake karanta shirunmu ba. Uban da ba ya zuwa, ana ɗauka bai damu ba. Uwar da ta sunkuyar da kai ta ce to, ana rubutawa ta amince. Idan kujerar ajin masu hazaƙa ɗaya ce, yara biyu suka cancanta, wanda uwarsa ta aiko saƙo sau uku shi zai samu, kuma ba don malamar muguwa ce ba, sai don ta san wa zai zo ya tambaye ta. Kunyarmu, wadda ado ce a Zinder da Kano, a nan 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinta.

Don haka ku ji abin da doka ta riga ta ba ku, wanda ba alfarma ba ne. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar Plyler, cewa kowane yaro na da haƙƙin shiga makarantar gwamnati ko iyayensa na da takarda ko ba su da ita, makarantun birnin nan kuma ba sa tambayar matsayin zamanka. Kuna da haƙƙin tafinta kyauta. Ana fassara manyan takardu zuwa wasu harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci, Hausa ba ta cikinsu, amma akwai tafinta ta waya da makaranta za ta iya kira, kuma dokar hukumar ta hana a sa yaro ya yi tafinta a zaman da ake tattauna karatu ko ɗabi'ar ɗalibi. Abin da ya faru da matata bai kamata ya faru ba, da mun sani. Sannan a katin nan shuɗi da ake cikawa farkon shekara akwai wurin da ake tambayar harshen da kuke so a yi muku magana da shi. Da yawanmu mukan rubuta Turanci don kada a raina mu, ko Faransanci don ya fi sauƙi. Ku rubuta Hausa. Da ƙidaya ake zaɓen harsunan da ake kashe wa kuɗi, wanda bai rubuta sunan harshensa ba kuma, a idon hukuma babu shi.

Idan kun ga yaro na fama, ya kasa karatu ko magana ko zama wuri ɗaya, ku rubuta takarda ku nemi a gwada shi, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi. Na san yadda muke tsoron wannan. Muna jin an ce IEP sai mu ce za a maƙala wa ɗanmu sunan tawaya, a ji a gari, a ji a gida. 'Yan uwa, takarda ce da ke tilasta wa hukuma ta ba yaro taimakon da yake buƙata, ba a kuma fara aiki da ita sai da sa hannunku. Masu kuɗin birnin nan lauyoyi suke ɗauka don su samo wa 'ya'yansu abin da mu muke gudu. Ɗan cata ma yana da wannan haƙƙi. Kuma duk abin da aka gaya muku da baki, ko dakatarwa ce ko shawarar ku canza makaranta, ku ce a rubuta. Za ku sha mamakin yawan maganganun da ke narkewa idan aka nemi a sa su a takarda.

To, ga ƙuri'a ta biyun. An raba birnin nan gunduma 32 ta makarantu, shida daga ciki a Buronkis, daga ta 7 zuwa ta 12. Kowace gunduma na da majalisar ilimi wadda yawancin kujerunta na iyaye ne, iyaye kuma ke zaɓensu duk bayan shekara biyu, a shekarun da lambarsu mara ce. Ba a tambayar fasfo. Ta asusun makaranta na intanet ake kaɗawa, a waya, kana zaune a ɗakinka. Wannan majalisa ce ke amincewa da iyakar unguwar kowace makaranta, ita ke zama da shugaban gunduma duk wata a bainar jama'a, kuma akwai kujerar da aka ware musamman don uba ko uwar yaron da ke koyon Turanci. Kujerarmu ke nan, da sunanmu a kanta in ban da rubutu. A zaɓukan baya-bayan nan kimanin kashi 2 cikin 100 na iyaye ne suka kaɗa. Ku yi lissafi da kanku. Sahun Juma'a na masallaci ɗaya a kan titin Webster ko Burnside, in ya haɗa kai, zai iya zaunar da mutum a wannan kujera. A cikin kowace makaranta kuma akwai ƙungiyar iyaye, akwai kwamitin jagoranci da doka ta ce rabinsa iyaye rabinsa ma'aikata, wanda ke tsara manufofin shekara da ake ɗora kasafin kuɗi a kansu, akwai kuma jami'in hulɗa da iyaye da ake biya albashi don ya amsa muku. Mu da muke iya tara dubban daloli a dare ɗaya don biki ko don kai gawa gida, mu da adashinmu ba ya saɓa rana, a ce mun kasa fitar da mutum biyu su zauna taron awa ɗaya a wata?

Kada wani ya ce mini ba a jin maganar irinmu. Wace rana 'ya'yanku ke zama gida su ci tuwon Salla ba tare da an rubuta musu fashi ba? Wannan hutu ba daga sama ya faɗo ba. A watan Janairu na 2006 aka sa jarrabawar jiha ranar Babbar Salla, yara Musulmi suka rasa inda za su sa kansu, tsakanin filin Idi da ɗakin jarrabawa. Iyaye da masallatai da ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗaura ɗamara. A 2009 majalisar birni ta amince, magajin gari Bloomberg ya ƙi. Ba su watse ba. Sai a watan Maris na 2015 magajin gari de Blasio ya sanar da hutun Salla biyu. Shekara tara. Mutumin da ya gabatar da ƙudurin a majalisa, Robert Jackson, Musulmi ne baƙar fata, kuma daga kujerar iyaye ya faro. Yana shugaban hukumar makarantun gunduma ta 6 a arewacin Manhattan ya jagoranci kai jihar Niyok kotu a 1993, kan cewa tana tauye wa yaran birni kuɗin karatu. A 2003 ya taka da ƙafa daga birnin nan har Albani, mil 150. Kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya, aka kafa sabon tsarin rabon kuɗi a 2007, aka yi ta jan ƙafa, sai a 2023 aka cika alkawarin. 'Ya'yansa sun daɗe da gama makaranta kafin kuɗin su iso. Namu ne ke cin moriyarsu yau. Kafin shi ma, ranar 3 ga Fabrairu na 1964, iyaye baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico sun hana yara sama da 450,000 zuwa makaranta rana guda don nuna ƙin wariya. A inuwar da waɗannan mutane suka dasa muke zaune, kuma abin kunya ne mu sha inuwa mu tashi ba mu zuba wa bishiyar ko moɗa ɗaya ba.

Akwai aikin da ke jira yanzu. A 2022 jiha ta yi doka cewa aji a makarantun gwamnatin birnin kada ya wuce yara 20 daga ajin share fage zuwa aji uku, 23 daga aji huɗu zuwa takwas, 25 a sakandare, a riƙa aiwatarwa kaɗan-kaɗan. Ku tambayi ɗanku yau su nawa ne a ajinsu. In sun wuce, ku je ku tambayi shugaban makaranta yaushe za a kai ga ƙa'ida. Abinci kyauta ne ga kowane yaro tun 2017, kuma akwai makarantun da ke ba da na halal saboda iyaye sun haɗu sun nema. Taku ta nema?

Ku kuma iyayen cata, kada ku ce wannan bai shafe ku ba. Gaskiya ne ba ku da ƙuri'a a majalisar gunduma, kuma wannan kansa abin dubawa ne, domin hukumar amintattun da ke mulkin makarantarku ba ku kuka zaɓe ta ba. Amma doka ta ce zamanta a buɗe yake ga jama'a. Ku je ku zauna a gaba. Ku tambayi yara nawa aka dakatar bara, nawa suka fice, malamai nawa suka rage daga waɗanda suka fara. Kalandar cata tata ce, don haka ku tambaya ko ana hutun Salla, in ba a yi ku nema. Idan aka zalunci ɗanku, ƙara na farawa daga hukumar amintattu, ta wuce zuwa hukumar da ta ba makarantar yarjejeniya, har ta kai hukumar ilimi ta jiha. Kada godiyar cin ƙuri'a ta ɗaure muku baki. Kuɗin harajinku ne ke biyan wannan kujera. Kuma in kun ga ana matsa wa ɗan maƙwabciya don ta cire shi, ku raka ta ofis, gemun ɗan'uwanka ne ya kama wuta.

Ba zan ce wa kowa ya cire ɗansa daga nan ya kai can ba. Nawa uku ne, biyu sun yi ta gwamnati, ɗaya ta yi cata, kowanne kuma da dalilinsa. Abin da nake roƙo shi ne mu daina jifan juna. Uwar da ta kai ɗanta cata ba ta ci amanar kowa ba, wadda ta bar nata a makarantar unguwa kuma ba sakarci ta yi ba. Yaran nan a layi ɗaya suke sallar Idi, kuma gaba kaɗan ƙofa ɗaya za su tarar a rufe. A 2019 makarantar Stuyvesant, wadda ta fi kowace sakandaren gwamnati a birnin wuyar shiga, ta ba ɗalibai 895 gurbi, bakwai ne kacal baƙaƙen fata. Takwararta Bronx Science a unguwarmu take, amma yawancin ɗalibanta daga wasu sassan birni jirgin ƙasa ke kawo su. Jarrabawa ɗaya ce ke buɗe ƙofar, ana yin ta a farkon aji takwas, wasu al'ummomin kuma tun yaro na aji biyar suke fara shirya shi, a ɗakunan ibadarsu da bayan shagunansu. Mu da yawa ba ma jin labarinta sai ta wuce.

Malamanmu limamai, ku ne ke da lasifika. Minti biyu bayan huɗuba ya isa a sanar da ranar taron iyaye na Nuwamba da na Maris, da lokacin cike takardun ajin share fage a cikin hunturu, da lokacin zaɓen majalisar gunduma. Ɗakin da ake Islamiyya Asabar da Lahadi zai iya ɗaukar awa ɗaya ta lissafi. Samarinmu da 'yan matanmu da suka gama jami'a a nan, ku da kuka san Turancin ofis kuka kuma san yadda ake gaida Hajiya, ku ne gadar. Kowannenku ya ɗauki gida biyu, ya karanta musu wasiƙu, ya raka su taro. Shugabannin ƙungiyoyin gari da na mata, a zamanku na gaba ku fitar da sunan mutum ɗaya a kowace gunduma da zai tsaya takara, ku yi masa yawo gida-gida kamar yadda kuke yi idan ana neman gudummawar masallaci. Maza 'yan uwana, kada mu bar wa mata wannan kaya su kaɗai. Awa ɗaya da za ka kashe mita ka shiga makaranta ba za ta talauta ka ba, zuwa da kai kuma ya fi aike.

Daren yau, kafin ku kwanta, ku ɗauko jakar yaron ku zazzage ta a kan tabarma, ku ware duk takardar da ke da hatimin makaranta. Wadda ba ku gane ba ku ɗauki hotonta ku tura wa wanda zai karanta muku. Gobe da safe kuma in kun kai shi ƙofa, kada ku juya. Ku shiga, ku nuna katinku ga mai gadi, ku ce kuna son ganin jami'in hulɗa da iyaye, ku tambaye shi sunan malamar ɗanku da ranar taro na gaba.